Kai Da Motarka: Gyaran Rim Na Goran-Ruwa A Gida

A 'yan makwannin nan wasiƙu da dama sun iso mana a kan magana guda, watau yadda mutum zai gyara ƙafafun motarsa na alminiyam, ya goge su har su yi ƙyalli, ba tare da ya kai wa masu fenti ba. Yawancin masu tambayar waɗanda suka sayi motocin hannu ne, irin waɗanda a ke shigowa da su daga Turai da Amurka, kuma kukansu iri ɗaya ne: jikin mota sumul, inji lafiya lau, amma ƙafafu sun yi dabbare-dabbare kamar bangon da damina ta daka. To, yau za mu amsa musu. Zan kuwa kafa amsar a kan aikin da na yi da hannuna tare da wani dattijo maƙwabcina a nan Ikko, gama a cikin wannan aiki ne muka ci karo da abin da ya fi ƙyalli muhimmanci.

Da farko bari mu fahimci juna a kan suna. Abin da mu ke nufi shi ne ƙarfen nan mai da'ira wanda a ke ɗaura taya a kansa, wanda makanikai da masu faci ke kira rim, wasu kuma su ce wili. Iri biyu ne a kan titunanmu. Akwai na baƙin ƙarfe, irin wanda iyayenmu suka saba gani a ƙarƙashin Peugeot 504 tun lokacin da aka fara haɗa Fijo a Kaduna cikin 1975, wanda a kan ɓoye muninsa da murfi mai walƙiya. Akwai kuma na alminiyam, ƙarfen da Hausawa ke kira goran-ruwa ko sanholo, shi ne dai wanda a ke zuba tukwanen biki da shi. Wannan na biyun ba baƙo ba ne a duniya, gama tun 1924 kamfanin Bugatti na Faransa ya sa shi a motarsa ta tsere, a 1966 kuma kamfanin Porsche na Jamus ya fito da nasa mai yatsu biyar wanda ya yi suna ƙwarai. Sai daga baya ne ya sauko ya zama ruwan dare a motocin kowa da kowa.

Dalilan da suka sa masu ƙera motoci suka karkata gare shi ba ɓoyayyu ba ne. Idan aka yanko alminiyam da baƙin ƙarfe masu girma ɗaya aka aza a sikeli, nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfen. Yana kuma saurin kwashe zafi daga birki, ga shi da daɗin zubawa a kowace irin siffa. Amma yana da hali guda wanda ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan har ƙarshen wannan bayani. Rim na baƙin ƙarfe in ya faɗa rami lanƙwashewa ya ke yi, a sa guduma a miƙe shi a ci gaba da tafiya. Na goran-ruwa kuwa ba shi da wannan haƙuri, in abin ya fi ƙarfinsa tsagewa ya ke yi, kuma sau da yawa tsagar ba ta nuna kanta.

Abin da ke ɓata shi

Mutane da yawa sun ɗauka goran-ruwa ba ya lalacewa, tun da ba ya yin jar tsatsa. Gaskiyar magana ita ce yana da tasa tsatsar, sai dai fara ce. Da zarar iska ta taɓa wannan ƙarfe, nan take ya kan yi wa kansa wata siririyar fata wadda ido ba ya gani, ita ce kuma ke kare abin da ke ƙarƙashinta. Babban abokin gabar wannan fata shi ne gishiri. A ƙasashen Turai da arewacin Amurka a kan barbaɗa gishiri a kan tituna lokacin hunturu domin ƙanƙara ta narke, saboda haka motar da ta yi shekara goma a can ta sha ruwan gishiri har ta ƙoshi kafin ta hau jirgin ruwa zuwa Apapa ko Kwatano. Ruwan ya kan sami ɗan wurin da tsakuwa ta ƙwarzane, ya kurɗa ƙarƙashin fenti, ya yi ta cin ƙarfe yana tafiya kamar gara, har fentin ya kumbura ya fara ɓarewa. Mu kuwa da ke zaune a bakin teku, Ikko da Fatakwal da Kalaba, iskarmu ma tana ɗauke da gishiri, don haka ɓarnar ba ta tsayawa wai don mota ta sauka a Nijeriya.

Bayan gishiri sai ƙurar birki. Duk lokacin da direba ya taka birki, faifan birkin, wanda na baƙin ƙarfe ne, ya kan zubar da wani gari mai zafi, garin ya bi ya nutse a cikin fentin rim. Shi ne baƙin nan da a ke wankewa ya ƙi fita. Sai kuma goga rim da a kan yi a bakin kwalbati ko dakalin titi wajen ajiye mota, da kuma 'yan ƙarafan nauyi da a ke maƙalawa a bakinsa lokacin balansin, waɗanda su kan tsaga fenti su buɗe wa ruwa ƙofa. Na ƙarshe, wanda ya fi ban takaici domin da kuɗinmu mu ke saye, shi ne mugun wanki. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin cewa tukunyar goran-ruwa ta kan dushe ta yi baƙi in an dafa abu mai kanwa a ciki. To, sodar da a ke yin sabulu da ita ta fi kanwa ƙarfi nesa ba kusa ba, cin alminiyam ta ke yi sosai, har ta riƙa fitar da wata iska mai kama wuta. Haka nan ruwan batir. Duk mai wankin motar da ya ce zai faranta maka rim da ɗaya daga cikin waɗannan, ka gode masa ka janye motarka.

Akwai kuma wasu ruwan wankin rim na kanti masu ɗauke da wani asid da a ke kira haidirofulorik. Wannan asid mugu ne, gama in ya taɓa fata ba lalle ne a ji zafi nan da nan ba, sai ya ratsa ciki ya yi ɓarna kafin ciwo ya bayyana. A karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a saya. In ba a gane rubutun ba, sabulun wanke kwanuka da ruwa sun wadatar.

Shiri da cirewa

Maƙwabcin nan nawa tsohon direban babbar mota ne wanda ya ajiye aiki. Ya tara abin da ya tara ya sayi ƙaramar mota ta hannu, da niyyar ya ɗauki iyalinsa su je babbar Salla gida Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 1,000. Wata Asabar da safe ya same ni ya ce, "Malam, kai da ka ke rubuta wa mutane maganar mota, zo ka ga ƙafafun tawa. Ba na so in shiga garinmu da su haka." Na ce, "To Alhaji, in ka yarda za ka yi haƙuri, mu yi da kanmu." Kayan da muka tara ba su da yawa: bokiti biyu, sabulu, buroshi mai taushi, tsummoki na auduga masu tsabta, samfefa iri-iri, maganin cire fenti, man goge ƙarfe, safar hannu ta roba, tabarau na kare ido, da takunkumin rufe hanci.

Aikin ya fi kyau in an cire ƙafar daga jikin mota. A ajiye motar a wuri mai daidai kuma mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare sauran tayoyin da dutse ko katako. A sassauta notuna tun taya tana ƙasa, sa'an nan a ɗaga da jak, a kuma sa ƙarfen tokare ko katako mai kauri a ƙarƙashin motar, gama jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, musamman a gidan da yara ke kai da kawowa. In da hali a kai wa mai faci ya raba taya da rim. Amma a gargaɗe shi tukuna, domin motocin Amurka tun daga 2007, da na Turai tun daga 2014, da yawa daga cikinsu suna zuwa da wata 'yar na'ura a gindin bawul wadda ke auna iskar taya, kuma ƙarfen mai faci ya kan karya ta in bai san tana nan ba. Wanda ba zai raba su ba, ya sace iskar, ya rufe gefen tayar da takarda da salatif.

Daga nan sai wanka. A wanke rim ciki da waje, a inuwa, kuma ba lokacin da ya ke da zafin tafiya ba. Kwaltar da ta manne a goge ta da ɗan kananzir a tsumma, a sake wankewa da sabulu. Kada a kusanci rim da soson ƙarfe ko buroshin waya na baƙin ƙarfe, ko da ya ke su ne a ke kankare tukunya da su a gida, domin su kan bar ɓurɓushinsu a cikin alminiyam, bayan 'yan kwanaki sai a ga jajayen ɗigo sun fito.

In ya bushe, sai a gane irin fuskar da aka yi masa, gama ba kowane rim ne a ke gogewa ba. A ɗebi ɗan man goge ƙarfe a farin tsumma a murza a wani lungu. In tsumman ya yi baƙi, to ƙarfen tsirara ya ke, ana iya shiga guga kai tsaye. In bai yi baƙi ba, akwai wani siririn fenti marar launi a kansa, wanda masu fenti ke kira kiliya, kuma haka yawancin rim ke fitowa daga masana'anta. Irin wannan sai an cire fentin kafin a kai ga ƙarfe. Amma rim ɗin da aka yi wa rufin kurom, mai ƙyalli kamar madubi tun asali, ba a sa masa samfefa sam, wanki da sabulu ne iyakarsa.

Maganin cire fenti a waje a ke aiki da shi, inda iska ke kaɗawa, ba a cikin gareji ko ɗaki ba. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wani sinadari mai suna metilin kulorayid, wanda tururinsa ya kashe mutane a rufaffun wurare, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa jama'a shi don cire fenti a 2019. A sa safar hannu da tabarau, a kori yara, a shafa da buroshi, a jira fentin ya yamutse, a kankare da roba mai kauri ko katako, sa'an nan a ɗauraye da ruwa mai yawa.

Abin da muka tarar a rim na uku

Rim na farko da na biyu ba su ba mu wahala ba. Da muka zo kan na uku, fentin ya sauka sai muka ga wani wuri a gindin ɗaya daga cikin yatsunsa wanda launinsa ya bambanta. Na sa farce, sai ga fila irin wadda masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da ita. Muka kankare ta, sai ga tabon walda a ƙarƙashi. Watau wannan rim ya taɓa tsagewa, wani ya liƙe shi, ya shafe da fila, ya fesa fenti mai ruwan azurfa, ya tura shi kasuwa. Ko a can ƙetare aka yi, ko a nan, Allah kaɗai ya sani.

Na ce wa Alhaji mu gwada shi da dabarar da ma'aikatan jirgin ƙasa na dā ke gano tsaga da ita. Muka shafa kananzir a wurin, muka bar shi kamar minti 20, muka goge tas har ya bushe, sa'an nan muka shafa dakakken alli. Ba a jima ba sai ga wani siririn layi mai danshi ya fito a cikin farin allin, ya bi gefen waldar ya nufi ramin noti. Kananzir ɗin da ya shige cikin tsagar ne alli ya tsotso. Ido bai ga komai ba, amma tsagar tana nan, ta ma wuce inda aka liƙe.

Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ai sai mu kai wa mai walda ya ƙara bi. Shekara talatin ina tuƙi, rim nawa aka gasa mini aka miƙe?" Na ce, "Gaskiya ne Alhaji, amma waɗancan na baƙin ƙarfe ne." Bayanin da na yi masa shi ne zan maimaita wa mai karatu. Rim na goran-ruwa ba zallan alminiyam ba ne. Yawancinsu an gauraya su da silikon kamar kashi 7 cikin 100, da ɗan magniziyam kaɗan. Bayan an zuba su a kan gasa su a zafin da ya kai wajen digiri 540 a ma'aunin Salshiyas, a tsoma su a ruwa, a sake ɗumama su na wasu sa'o'i a wajen digiri 155. Wannan horo shi ke ba su ƙarfi. Duk wurin da harshen wuta ya taɓa daga baya, horon ya warware, wurin ya yi laushi ko da ya ke a ido bai sāke ba. Ga shi kuma alminiyam ba ya yin ja in ya yi zafi kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi, yana nan da launinsa har ya kai digiri 660 ya narke, saboda haka mai gasawa ba shi da alamar da za ta ce masa ya isa.

Akwai ƙwararru masu waldar agon da kan gyara 'yar gajeriyar tsaga a leɓen rim na ciki, ko da ya ke masu ƙera motoci da yawa ba su yarda da ko wannan ba. Amma tsagar da ke kan yatsu, ko kusa da ramin noti, ko a cibiya, ba ta da magani sai sauyi, domin nan ne nauyin mota duka ke sauka, kuma in ya karye a kan gudu ƙafar ce gaba ɗaya za ta rabu da mota. Wani gargaɗin kuma da ya kamata kowane mai walda ya sani: ba a taɓa kai wuta jikin rim alhali taya tana kansa, ko da an sace iskar, gama zafin ya kan sa robar ta fara ƙonewa daga ciki, ta fashe kamar bam.

Alhaji bai ji daɗi ba, domin kuɗin da ya ware na tsaraba ne za su tafi. Ya kwana biyu yana juya maganar. Ran Litinin da yamma ya aiko jikansa ya kira ni, ya ce, "Malam, na tuna irin abin da na gani da idona a hanyar Jebba da Mokwa. Ba zan ɗora iyalina a kan wannan ba." Muka tafi kasuwar Ladipo da ke Mushin, da alli da 'yar kwalbar kananzir a aljihu, muka zaɓo wani. Tsohon kuwa ya sayar wa 'yan gwangwan, wataƙila yanzu ya zama tukunya, aikin da ba zai kashe kowa a cikinsa ba.

Samfefa da guga

Rim ɗin da ya tsallake bincike shi ya cancanci wahalar guga. A nemi samfefa irin wadda a ke aiki da ita da ruwa. Lambar da ke bayanta ita ke nuna kaushinta, in lamba ta yi sama samfefar ta fi laushi. Wuraren da kwalbati ya ci, da inda farar tsatsa ta yi rami, a fara da mai lamba 220 ko 320, a bi a hankali har wurin ya daidaita da kewayensa. Kada a zurfafa, gama abin da a ke cirewa naman rim ne, ba ya kuwa tsirowa. Ramin da ya yi zurfi gara a bar shi da a rage kaurin ƙarfe dominsa. Daga nan a hau 400, sai 600, sai 800, sai 1000, sai 1500, a ƙare da 2000. A jiƙa samfefar a bokiti mai ɗan sabulu, a riƙa yayyafa ruwa, domin ruwan yana hana ta toshewa, yana kuma hana ƙurar alminiyam tashi ta shiga huhu.

Asirin aikin duka a nan ya ke: kowace samfefa aikinta shi ne ta share zanen da ta gabanta ta bari. Saboda haka in an bi da 400 a tsaye, a bi da 600 a kwance, kada kuma a wuce gaba sai zanen tsaye ya ɓace sarai. Wanda ya yi tsalle daga 400 zuwa 1000 don gaggawa, zai ga sakamakonsa a ƙarshe, lokacin da ƙyalli ya fito ya tona kowane zane. Mu kanmu mun yi wannan kuskure a rim na farko, dole muka koma baya muka sake, aikin yini guda ya zama na yini biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Kada kuma a manta da inda bakin taya ke zama a cikin rim. Farar tsatsa a wannan wuri ita ce sau da yawa ke sa taya marar tiyub ta riƙa sacewa a hankali, a yi ta zargin ƙusa alhali babu ita. A bi wurin da 400 har ya yi sumul.

In an gama da 2000, rim zai yi santsi amma a dushe, kamar sabon kwano. Sai a wanke, a shanya, a ɗauko man goge ƙarfe, irin su Autosol da makamantansa. A ɗebi kaɗan a tsumma, a murza a wuri ɗan ƙarami har man ya koma baƙi, sa'an nan a share da wani tsumma mai tsabta. Baƙin nan ba datti ba ne, alama ce ta cewa man yana aiki. A yi haka sau biyu ko uku, ana sauya tsumma. Mai injin huda na lantarki yana iya ɗaura masa fefen ƙyalle ya rage wa kansa wahala, amma kada ya danna da ƙarfi, kada ya tsaya wuri ɗaya, kada kuma ya sa riga mai faɗin hannu kusa da abin da ke juyawa. Ranar da muka gama na farko, jikan Alhaji ya leƙa ya ga fuskarsa a ciki ya yi ta dariya.

Kariya da mayarwa

Ƙarfen da aka goge tsirara ya ke, kuma iska ba za ta bar shi haka ba. Hanya biyu ce. Ta farko, a shafa masa kakin goge mota, a riƙa wanke shi kowane mako, a sabunta kakin kowane wata ko biyu, a kuma sake bi da man guga in ya fara dushewa. Wannan ta fi ƙyalli amma ta fi wahala, musamman ga mazauna bakin teku. Ta biyu, a wanke duk wani maiƙo tas, a fesa kiliya irin wadda aka yi don ƙarfe, shafi biyu ko uku marasa kauri. Ƙyallin zai ɗan ragu, amma zai daɗe. Mazauna Arewa su guji fesawa ranar da hazo ya sauko, domin ƙura za ta zauna a kai. Wanda kuma ya fi son fenti mai launi, ba ya bukatar ya wuce samfefa 600, amma lalle ya fara da fentin shimfiɗa wanda aka yi musamman don alminiyam, in ba haka ba fentin ɓarewa zai yi. Ko wace hanya aka bi, kada fenti ya taɓa bayan rim inda ya ke haɗuwa da cibiyar mota, ko mazaunin notuna, gama fentin ya kan murƙushe daga baya noti ya sami sarari ya kwance.

Bayan an mayar da taya a sake yin balansin, a roƙi a sa nauyi irin na mannawa daga ciki maimakon na maƙalawa a baki. A tabbata notunan na wannan rim ne, domin mazauninsu iri-iri ne, wani mai tsini, wani mai kumburi, wani mai faɗi da wasa, kuma notin rim na baƙin ƙarfe ba kullum ya ke dacewa da na goran-ruwa ba. A fara ɗaura su da hannu, a bi su a gicciye, wannan sa'an nan na daura da shi, ba a jere ba. Yawancin ƙananan motoci suna son ɗauri tsakanin 100 da 130 a ma'aunin nan na Nm, ainihin adadin kuwa yana cikin littafin motar, kuma sifana mai ma'auni ce ke nuna shi. Al'adar nan ta sa dogon bututu a sifana yaron makanike ya hau yana tsalle, ita ke miƙar da kusoshi har su tsinke. In an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake taɓa notunan.

Shawarata ta ƙarshe ga masu sayen rim na hannu, ko motar hannu, ita ce su juya bayansa su duba, gama fuska kowa na iya yi mata kwalliya. A bayan ne a ke ganin tabon walda, da lanƙwasar leɓe, da rubutun girmansa, da tambarin gwaji irin JWL na ƙasar Japan. Sabon fenti a kan tsohon rim ba laifi ba ne, amma dalili ne na yin tambaya. Alhaji ya je Sakkwato ya dawo lafiya da iyalinsa, ƙafafu huɗu suna walƙiya, ko da ya ke har yau in mun zauna ya kan ce na cinye masa kuɗin tsaraba. Ni kuwa na kan ce masa ai tsarabar da ta fi ita ce ya kai su ya kuma dawo da su.

Masu tambaya a kan yadda a ke karanta shekarun taya daga lambobin da ke gefenta, su dakace mu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.